Allura uku cikin wata shida: ciwon hanta da samarin Abuja da ke tsoron asibiti

A shekarar 1978, a birnin New York na Amurka, wani likita haifaffen ƙasar Poland mai suna Wolf Szmuness ya fara gwajin sabuwar allurar riga-kafin ciwon hanta nau'in B. Mutum 1,083 ne suka miƙa damtsensu, dukkansu kuwa maza ne masu neman maza. An zaɓe su ne don cutar ta yi katutu a cikinsu a lokacin, ta yadda ba sai an daɗe ana jira ba za a gane ko allurar na aiki. Aka yi wa rabi ta gaske, aka yi wa rabi wadda babu magani a cikinta. Da sakamako ya fito a 1980, sai ga shi allurar ta rage kamuwa da fiye da kashi 90 cikin ɗari, kuma a 1981 Amurka ta ba da izinin a fara yi wa jama'a. Wadda ake yi wa jariranmu yau a asibitin sha-ka-tafi na Nyanya ko Kubwa ɗiyar waccan ce. Abin da ya sauya shi ne tun 1986 aka koma sarrafa ta daga yis, dangin wanda ke kumbura burodi, maimakon jinin mutane.

Sama da shekara arba'in ke nan, amma a Abuja samari irin waɗancan na cikin mutanen da allurar ta fi shan wuyar iskewa. Dalilin haka nake son warwarewa.

Na san akwai mai karatun da tun a nan ransa ya fara ɓaci. Hukuncin addini a kan wannan ɗabi'a ba ɓoyayye ba ne, Musulmi da Kirista kowa ya san abin da malaminsa ya faɗa, ba kuma shi na zo tattaunawa ba. Batuna ƙwayar cuta ce da hanyar da take bi. A titi ana ce musu 'yan luwaɗi, wasunsu a tsakaninsu sukan ce masu harka. Ni zan riƙe lafazin ma'aikatan lafiya, maza masu neman maza, domin ya haɗa da wanda ba ya kula mata sam, da wanda ke neman maza da mata duka, da wanda an riga an sa ranar aurensa. Wannan na ƙarshen shi ya sa maganar ta shafi gidan kowa.

Ciwon hanta nau'in B cuta ce mai haƙuri. Ƙwayar takan yi wata ɗaya zuwa wata shida a jiki kafin wata alama ta bayyana, in ma za ta bayyana, don mafi yawan mutane ba sa jin komai. Wanda ya ji kuwa, kasala ce da zazzaɓi da tashin zuciya, fitsari ya yi ja, ido ya yi ɗorawa. A nan sai mu ce shawara ce, a nemo saiwar rawaya a jiƙa. Bayan makonni ido ya washe, a yaba wa mai magani. Gaskiyar lamari ita ce babban mutum mai lafiya in ya kamu, fiye da 90 cikin ɗari jikinsa ne ke korar ƙwayar da kansa, ko ya sha jiƙo ko bai sha ba. 'Yan kaɗan ɗin da ta zauna musu su ne abin ji. Shekara ashirin, talatin tana cin hanta a ɓoye, har hantar ta ƙeƙashe ko kansa, wato ciwon daji, ta fito. Ranar da ciki ya kumbura, ƙafa ta haye, mutum ya fara aman jini, dangi sai su ce sammu ne ko an ba shi wani abu ya ci.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2022 mutum miliyan 254 ne ke ɗauke da wannan ƙwaya a duniya, kuma ta kashe kimanin miliyan 1.1 a shekarar. Kashi 13 cikin ɗari ne kawai na masu ita suka san suna da ita. A gida Najeriya, babban binciken nan na ƙasa da aka yi a 2018 kan ƙanjamau, wanda ake kira NAIIS, ya haɗa da gwajin hanta, ya kuma gano kashi 8.1 cikin ɗari na 'yan shekara 15 zuwa 64 na ɗauke da nau'in B. A cikin maza adadin ya haura kashi 10. Wato in ka shiga doguwar mota daga Mararaba zuwa Berger da safe, ka ƙirga maza goma, lissafi na cewa ɗaya na da ita. Binciken dai shi ne ya sa ƙanjamau a kashi 1.4. Ka kwatanta yawan surutun da ake yi a kan kowannensu.

To me ya sa aka ware maza masu neman maza? Ƙwayar na cikin jini da maniyyi da sauran ruwan al'aura, kuma ta fi ta ƙanjamau saurin kama mutum ninki 50 zuwa 100. Fatar cikin dubura siririya ce, ba ta da damshin kanta, tana saurin tsagewa ko da mutum bai ga jini ba, sai ƙofa ta buɗe ga ɓangarorin biyu. In aka haɗa da yawan abokan kwanciya, da gyambon tunjere ko ciwon sanyi da ba a yi magani ba, haɗarin sai ya ninku. Kwaroron roba na ragewa ƙwarai, amma sai in an sa shi kowane lokaci, abin da ba kasafai yake faruwa ba.

Akwai kuma zaman ɗaki. Ƙwayar na iya yin aƙalla kwana bakwai a busasshen jini a kan reza ko almakashi ba ta mutu ba. Saurayin da ya baro Zariya ko Lafiya ko Jos ya zo ci-rani Abuja, galibi ɗaki ɗaya suke haya su huɗu ko biyar a Masaka ko Lugbe ko Dei-Dei. Reza ɗaya, injin aski ɗaya, wani lokaci har buroshin haƙori. Ga mai yankan farce da ke yawo yana kaɗa almakashi, ga wanzami da askarsa da ƙahonsa. Waɗannan hanyoyi ba su tambayar wanda kake kwana da shi. Abin da ba ya yaɗa ta kuwa, tunda na sha jin ana faɗa: gumi, musabaha, runguma, tari, cizon sauro, cin tuwo a kwano ɗaya. Na ga an ware wa mutum kofi da cokali a gida a kan banza.

A nan ne labarin Najeriya ya rabu da na Turai da Amurka, kuma a nan nake ganin masu kwafo saƙon wayar da kai daga waje suke tuntuɓe. Can, cutar ba ta da yawa a cikin jama'a, don haka in aka ga saurayi da ita, mafi rinjayen zato shi ne ta jima'i ko allurar ƙwaya ya ɗauka. Mu kuwa yawancin masu ɗauke da ita a jikinsu dindindin tun suna goye suka samu: wajen haihuwa daga uwa, ko a ƙuruciya ta hanyar kaciya da aska ɗaya, tsagar gado, sakiya, cire beli, ƙuraje da gyambo tsakanin yara masu wasa tare. Kuma lissafin yaro kishiyar na babba ne. Jaririn da ya kamu, kusan 90 cikin ɗari ƙwayar ta zauna ke nan har girma.

Abu biyu ke fita daga wannan. Na farko, takardar gwaji da ta nuna mutum na da ciwon hanta ba ta tona asirin komai ba game da rayuwarsa. Limami na iya ɗauke da ita, budurwar da ba ta taɓa sanin namiji ba na iya ɗauke da ita. Saurayin da ke gudun gwaji don kada a gane shi, yana gudun abin da takardar ba ta iya faɗa. Na biyu, a cikin kowane taron abokan harka a Abuja akwai yiwuwar samun wanda ya taso da ƙwayar tun daga gida bai sani ba, lafiyarsa garau a ido, yana kuma iya ba duk wanda ba shi da kariya.

Waɗanda ba su da kariyar kuwa suna da yawa, saboda wani dalili na kalanda. Sai a 2004 Najeriya ta shigar da allurar hanta cikin riga-kafin yara na yau da kullum, sannan daga 2012 aka fara haɗa ta cikin allurar nan mai kare cututtuka biyar da ake yi a mako na 6 da na 10 da na 14. Duk wanda aka haifa kafin 2004, in ba iyayensa ne suka biya da kansu ba, ko makarantar koyon aikin jinya ta tilasta masa, to bai samu ba. Waɗanda aka haifa bayan nan ma ba duka ba. Binciken lafiyar al'umma na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 39 cikin ɗari ne kawai na haihuwa ake yi a asibiti, kuma rabin yara ne ke kammala allurar nan uku. A Arewa lamarin ya fi haka muni, musamman ga 'yan shekarun 2003 da 2004, lokacin da rigimar allurar shan inna ta sa iyaye da yawa suka juya wa kowace irin allura baya. Waɗannan yaran su ne samarin yau. Ka tambayi ɗaya daga cikinsu katin riga-kafinsa, dariya zai yi maka.

Saboda haka gwaji ne farko. Wanda aka fi yi a ɗakunan gwaji na Wuse da Garki da Gwagwalada shi ne na tsinke, ɗigon jini daga yatsa, a takarda za ka ga an rubuta HBsAg. Shi yana faɗa ne kawai ko ƙwayar na jiki a yanzu. Akwai wasu biyu da suka cika hoton: anti-HBc, mai nuna ko mutum ya taɓa haɗuwa da ƙwayar, da anti-HBs, mai nuna ko yana da garkuwa. Wanda ya taɓa kamuwa ya warke, ba ya buƙatar allura. Wanda ke ɗauke da ita, allura ba za ta yi masa komai ba, ba magani ba ce, kuma wannan shi ne haɗarin yin allura a makance: mutum ya tafi da kati a aljihu yana ganin ya tsira, alhali hantarsa na ci. Wanda duka gwaje-gwajen suka fito babu komai, shi ne mai allura. Ba kuma sai ya jira wata rana ba. Ana iya ɗibar jini a yi masa ta farko a zama ɗaya. Sai dai a ɗebi jinin tukuna, don allurar kanta kan sa gwajin tsinke ya nuna kamar akwai cuta na 'yan kwanaki.

Allurar babban mutum uku ce: yau, bayan wata ɗaya, sai bayan wata shida daga ta farko. Matashi mai lafiya da ya kammala, fiye da 90 cikin ɗari yakan samu garkuwa mai kai shekaru ashirin zuwa talatin, wataƙila ma har ƙarshen rayuwa. 'Yan ƙananan abubuwa ne ke ɓata ta. A damtse ake yi, domin in aka yi a ɗuwawu, kamar yadda wasu masu kemis suka saba da kowace allura, kitse na rage mata ƙarfi. Sanyin firji take so, amma in ta daskare ta zama ƙanƙara ta lalace, zafin rana ma haka, don haka shagon da wuta ke zuwa masa jefi-jefi ba wurin sayenta ba ne. In kuma mutum ya makara da ta biyu ko ta uku, ba a komawa farko, daga inda aka tsaya ake ɗorawa. Mutane da yawa sukan watsar ne don sun ɗauka ta farkon ta tashi a banza. Wanda kuma ya san ya sadu da mai ɗauke da ƙwayar ba tare da kariya ba, allura cikin awa 24 na iya tare ta, musamman in an haɗa da wata allurar garkuwa ta gaggawa mai suna HBIG. Bayan mako biyu kuwa an makara.

Duk wannan mai sauƙi ne a takarda. Wahalar tana cikin zuwa sau uku. Kowane zuwa akwai kati, akwai layi, akwai ma'aikaciyar da za ta iya zama 'yar unguwarku, akwai tambayar me ya kawo ka. Ga mafi yawanmu wannan ɓata lokaci ne kawai. Ga saurayin da muke magana a kansa, kasada ce.

A Janairun 2014 shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a dokar haramta auren jinsi ɗaya: ɗaurin shekara 14 ga masu auren, shekara 10 ga wanda ya kafa ko ya tallafa wa ƙungiyarsu. Wata guda bayan nan, a ƙauyen Gishiri da ke cikin Abuja, wasu gungun mutane suka bi gida-gida da dare suna fito da samarin da suke zargi suna duka. A daidai lokacin akwai wani bincike mai suna TRUST da ke bin lafiyar ɗaruruwan irin waɗannan maza a Abuja tun 2013, sai ya zama masu binciken na da alƙaluman kafin doka da na bayanta. Abin da suka wallafa a 2015 a mujallar Lancet HIV shi ne masu cewa suna tsoron neman magani sun tashi daga kashi 25 zuwa 38 cikin ɗari, masu ƙaurace wa asibiti kuma daga 20 zuwa 28. Dokar ba ta hana kowa magani ba, kuma Dokar Lafiya ta Ƙasa, ita ma ta 2014, ta wajabta wa ma'aikacin lafiya riƙe sirrin majiyyaci. Amma mutum da abin da ya gani da idonsa yake aiki, ba da sashe na kaza na doka ba. Ana cewa ranar wanka ba a ɓoyon cibi. To wannan sai ya haƙura da wankan.

Ga inda na tsaya a kan wannan. Muddin sai mutum ya bayyana irin rayuwarsa kafin a ga ya cancanci allura, to ba za a same shi ba. Amurka ta shafe shekaru tana bin tsarin tambayar wa ke cikin haɗari, ta ga ba ya kai ta ko'ina, har a 2022 hukumar yaƙi da cututtukanta ta ce a yi wa duk wani babba ɗan shekara 19 zuwa 59 ba tare da tambaya ba. Ƙasar da ba ta kai mu yawan cutar ba ke nan. Mu da namiji ɗaya cikin goma ke ɗauke da ita, kowane baligi ai yana cikin haɗari, tambayar ma ba ta da amfani. A kai gwaji da allura sansanin masu yi wa ƙasa hidima na Kubwa, da Jami'ar Abuja, da tashar Jabi, da kasuwar Wuse, da harabar masallatan Juma'a da coci-coci, a yi wa duk wanda ya miƙo hannu. Saurayin da ba zai taɓa shiga asibitin da aka san na su wane ne ba, zai bi layi a bayan direba da ɗan kasuwa ba wanda ya ɗaga ido ya dube shi. Matsalar ita ce kuɗi: ta jarirai kyauta ce, ta manya galibi sai an biya, sau uku.

Sai batun ƙanjamau, wanda ba ya rabuwa da wannan. Binciken gwamnati kan rukunonin da suka fi haɗari ya nuna yawan masu ƙanjamau a cikin maza masu neman maza ya tashi daga kashi 13.5 a 2007 zuwa kusan 23 a 2014, ya kai 25 a 2020. Wanda ke da ƙanjamau in ya kamu da ciwon hanta, ta fi saurin zauna masa, ta fi saurin lalata hantar, allurar ma ba ta cika kama jikinsa sosai ba. Shi ya sa likitoci kan ƙara masa yawanta, su kuma auna garkuwarsa wata ɗaya ko biyu bayan ta ƙarshe.

Akwai wani tarko a nan da ya kamata duk mai shan magani ya sani. Tenofovir, wanda ke cikin ƙwayar da yawancin masu ƙanjamau ke sha kullum a Najeriya, kuma yake cikin ƙwayar kariya daga kamuwa da ƙanjamau da ake kira PrEP, shi ne kuma babban maganin ciwon hanta nau'in B. Ba ya kashe ƙwayar cutar hantar, danne ta yake yi. Wanda ke da ciwon hanta bai sani ba, ya fara PrEP, ya danne ta ba da saninsa ba. Ranar da ya daina kwatsam, tana iya tasowa da ƙarfi har hanta ta kumbura, wani lokaci ta gaza. Dainawar kuwa ba kullum da son rai ba ne. A farkon 2025, da gwamnatin Amurka ta dakatar da tallafin da take bai wa ƙasashen waje, rabon PrEP ya tsaya a wurare da dama. Haka nan sababbin alluran kariya daga ƙanjamau masu daɗewa a jiki, irin su cabotegravir da lenacapavir, ba sa taɓa ƙwayar hanta, don haka mai sauyawa daga ƙwaya zuwa allura ya san matsayin hantarsa kafin ya sauya. Wani abin takaici kuma: mai ƙanjamau da hanta a haɗe yana samun tenofovir kyauta, mai hanta kaɗai da kuɗinsa yake saye, gwajin yawan ƙwayar a jini ma kuɗinsa ba na wasa ba ne.

Wanda gwaji ya nuna yana da ita, ba ƙarshen duniya ba ne. A sake gwaji bayan wata shida don a san ko ta zauna. Ba kowa ke buƙatar magani nan take ba, ko da yake a 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta faɗaɗa waɗanda suka cancanta, amma kowa na buƙatar a riƙa duba hantarsa da gwajin jini da hoton ciki. Giya dai sai haƙuri. Jiƙe-jiƙen masu lasifika a bakin kasuwa, masu alkawarin wanke hanta cikin mako biyu, su ma hantar ce ke tace su. Sannan a kula da gyaɗa da masarar da suka yi fumfuna a ajiya, da ƙuli-ƙulin da aka yi da irinsu, domin gubar da ke ciki in ta haɗu da wannan ƙwaya tana ninka haɗarin kansar hanta.

Na ce tun farko maganar ta shafi gidan kowa. A al'adarmu namiji ba ya daɗewa gwauro ba a fara yi masa magana ba. Hajiya za ta matsa, kawu zai kira, a ƙarshe a ɗaura. Da yawa daga samarin nan za su yi aure, wasu ma sun yi. A Kano, tun Mayun 2024 da gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a dokar gwaji kafin aure, ciwon hanta na cikin abin da ake dubawa, kuma a Abuja ma masallatai da coci-coci da dama na neman takarda. Na sha jin an fasa aure a kan wannan sakamako, alhali ba sai an fasa ba. In ango na ɗauke da ita amarya ba ta da ita, allura uku za a yi mata, a auna a tabbatar ta samu garkuwa, shi ke nan. In kuma matar ce ke da ita ta samu ciki, ana auna yawan ƙwayar, in ta yi yawa a ba ta tenofovir a watannin ƙarshe na cikin. Jaririn kuma a yi masa allurar farko cikin awa 24 da haihuwa, ko da a gida aka haife shi, ko da daren Asabar ne. Kada a jira a yi suna.